Labulen da Bai Kai Ƙasa Ba

Rumfar masaƙa tana bayan gidan Baffa, tsakanin katangarsa da kwatar da ruwan unguwa ke bi. Rufinta kwano ne da tsatsa ta cinye, ginshiƙanta sun sha hannu har sun yi santsi. A da, in ji Inna, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi a wurin saboda ƙarar ƙoshiya, ɗan itacen nan mai kamar kwalekwale da masaƙi ke cillawa da zare daga hannu zuwa hannu. Amma lokacin da 'Yar Boko ta dawo daga makaranta da takardar shaidarta a jaka, mutum ɗaya ta tarar yana saƙa a ciki, shi ne Babanta. Sauran ramukan da masaƙa ke zura ƙafa duk sun cike, kaji na birgima a cikinsu.

Sunan 'Yar Boko matan unguwa ne suka liƙa mata tun tana firamare don su tsikare ta. Ita kuma ta ɗauke shi ta rataya kamar sarƙa. In an kira ta da shi sai ta juyo da kai a sama ta amsa, har masu kiran suka gaji da jiran ranar da za ta ji haushi.

Filin rumfar a cikin rabon Baffa ya faɗa tun da aka raba gado. Wata safiya ta kawo wa Baba ruwan sha, ta tarar da Baffan a tsaye yana karkaɗa makullin babur.

"Yaya, ba ƙinka nake yi ba," yake cewa. "Mai injin niƙan da ke son wurin ya zo ya koma har na fara jin kunyarsa. Wurin nan kaji kawai yake ciyarwa."

Baba bai ɗago ba. Ƙafafunsa na cikin rami suna taka igiya, ƙoshiya na kai da komo a hankali.

"Baffa," ta ce, "ka ba ni zuwa faɗuwar ruwa."

"In ba ki me?"

"Rumfar. In ruwan farko ya sauka ba ka ga wurin nan yana ciyar da mutane ba, ni da hannuna zan tuge dirkokin kayan saƙar Baba."

Baffa ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da aka sha wahala aka yi wa karatu don ki zauna a ofis mai fanka?"

"Fankar ba guduwa za ta yi ba."

Ya yi dariya, ya ce ya ji, ya tayar da babur ɗinsa. Sai da ƙararsa ta ɓace sannan Baba ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Uwata, bakinki ya fi ƙarfinki." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ta fara da neman tsofaffin masaƙan rumfar. Dogo ta samu a bakin shagon siminti yana dako, girarsa ta yi fari fat, mutumin da a da ake cewa zarensa ba ya tsinkewa. Bahago yana tura kurar ruwa lungu lungu, dugadugansa duk sun tsage. Kurma kuwa yana zaune a gidan ɗansa yana jiran kwano, surukarsa na dangwarar masa da shi da ƙarfi don ya gani, tunda ba ji yake yi ba.

"Ke 'yar nan, wa zai saya?" Dogo ya tambaye ta yana kakkaɓe kafaɗa. "Kanti ya cika da yadi mai ƙyalli. Mutane sun daina son abin da ke daɗewa."

"Ku dai ku kafa dirka, Baba Dogo. Neman mai saye aikina ne."

Aikin nata bai zo da sauƙi ba. Ta shiga birni da guntun saƙar Baba a jaka, ta bi shagunan kayan ɗaki da ofisoshi har takalminta ya buɗe baki. Kowa sai ya karɓa ya shafa, ya ce Allah sarki, irin na kakanninmu, ya ɗauki hoto da waya, ya miƙo mata abinta. Wani ma ya ce ta bar masa lambarta, da ta ga irin kallon da yake yi mata sai ta ce ba lambarta take sayarwa ba.

A wani sabon otal da ake gama fenti ta dace. Manajar wurin mace ce doguwa mai gilashi, wadda ba ta da lokacin dariya. Ta murza guntun saƙar, ta ja shi da ƙarfi, ta ɗaga shi saitin haske. Sannan ta kai ta ɗakin cin abinci ta nuna mata dogayen tagogi a jere.

"Labule nake so. Fari, da baƙin layi a gicciye, layin ya tafi sak daga wannan gefe zuwa wancan. Kuma ya taɓa ƙasa. Ba na son ganin ƙafar rana a ƙarƙashin labule. Za ku iya?"

"Tun kafin a haife ni suke iyawa."

'Yar Boko ta hau kujera ta auna tagogin da kanta. A jikin tef ɗin awonta ta sa alama da jan biro: nan tsawon labule, nan da nan da nan kuma inda baƙin layi zai faɗa.

Ranar da aka yi wadari, wato aka ja dogon zare aka jera shi tsakanin turaku, rumfar ta farfaɗo kamar maras lafiyan da ya nemi abinci. An yashe ramuka, an kori kaji. Dogo ya wanke siminti daga jikinsa ya sa tsohuwar rigarsa. Bahago ya jingine kura. Kurma ya iso da kayan saƙarsa a ka, yana gaisuwa da ihu.

"Ka rage murya, tsoho, gawa ba ta cikin rumfar nan!" Bahago ya ce masa a kunne.

"Rumfa? Ai na gan ta!" in ji Kurma.

Saƙarsu sirara ce, falle falle, kowane bai wuce faɗin tafin hannu ba, sai an haɗa da yawa gefe da gefe an ɗinke kafin su zama zane. Tun da suka tashi, kowa shi ke saƙa fallayen zanensa daga farko har ƙarshe. Ba a taɓa haɗa hannun mutum biyu a zane ɗaya ba. Ita kuwa, don kowa ya samu rabo kuma a gama a kan lokaci, sai ta ce kowa ya yi ta saƙa fallaye iri ɗaya, a tara a kai wa tela.

Ta warware tef ɗin ta nuna musu jajayen alamomin ɗaya bayan ɗaya. Suka gyaɗa kai. Dogo ya karɓa ya juya shi kamar wanda aka miƙa wa jariri.

"A kamu, nawa ke nan?"

Kamu shi ne awonsu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Ta ɗan yi lissafi a kai, hankalinta na wajen motar da za ta kai ta sayen baƙin zare.

"Kamar kamu shida ne, da layi a kan kowane kamu. Amma ku bi tef ɗin."

"To madalla," in ji Dogo. Ya juya ya ɗaga wa Kurma yatsu shida.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ta taɓa gani. Daga bakin lungu take jiyo ƙoshiya huɗu suna amsa wa juna. Inna ta fara ƙara hannu a tukunya. Matan da ke kiranta 'Yar Boko suka fara leƙowa ta katanga, wai wucewa suke yi. Ita kuma kullum tana kan hanya: zare ya ƙare, mai rini ya saɓa alkawari, manaja na son ganin hoto. In ta shigo rumfar, abin da take gani ya ishe ta farin ciki. Saƙa ce matsattsiya, fara tas, baƙin layinta kamar an ja da alƙalami. Tsawonta kuwa ba ya ganuwa, don duk abin da masaƙi ya saƙa naɗe shi yake yi a sandar da ke kan cinyarsa. Tef ɗin ma ta gan shi a rataye a ƙusa, wani ya naɗe shi tsaf ya sa a leda don kada ƙura ta ɓata shi. Har murmushi ta yi da ta ga yadda suke ji da kayanta.

Da aka gama, Bahago ya loda naɗaɗɗun fallayen a kurarsa ya kai wa tela a kasuwa.

Shagon telan ɗan ƙarami ne, da keke ɗaya da dutsen guga na gawayi. Ranar da ta je karɓa ya riga ya goge ya ninke. Ta ɗauki na sama ta warware shi a kan teburin yanka.

Baƙin layin bai tafi sak ba. Ya fara daidai a sama, sai ya soma hawa da sauka, wannan falle ya yi ƙasa, na kusa da shi ya yi sama, kafin a kai gindin labulen layukan sun watse kamar haƙoran tsoho.

"Malam, mene ne wannan?"

"Abin da kuka kawo ne," ya ce, allura a bakinsa. "An ce in haɗa, na haɗa."

"Ba ka ga layin bai haɗu ba?"

"Na gani mana. Na ɗauka sabon yayi ne. Ku 'yan makaranta ba a rasa ku da abu." Ya nuna ƙarƙashin keken da ƙafa. "Wasu ma sun fi wasu tsawo nesa ba kusa ba. Na daidaita miki su da mafi gajarta, na kalmashe bakin. Wannan ban ma sa a aiki ba, kyauta na yi miki."

Ta sunkuya. Guntayen saƙa ne tari guda, yankakku, cikin zare da ƙura. Ta ɗauki ɗaya ta gane hannun Dogo.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage shi ba, ko da yake zagin ya zo har bakinta. Ta tattara guntayen ta zuba a buhu, ta ɗaure labulayen, ta nufi tasha. A mota ta yi ta tsara maganar da za ta faɗa. Ai hannu ne ya yi, ba inji ba. Ai akwai masu neman irin wannan da gangan. Ta maimaita har ta kusa yarda da kanta.

A otal ma'aikata suka rataya guda ɗaya. Hasken rana ya shigo ta ƙasansa ya kwanta a kan tayil, faɗinsa ya fi taƙi. Manaja ta tsaya ta harɗe hannu tana kallon hasken, sannan ta ɗaga kai ta bi layukan da ido.

"Aikin hannu ne, ranki ya daɗe," 'Yar Boko ta fara. "Kowane falle da mai shi. Wannan ne ya sa babu irinsa a kanti."

"Na san aikin hannu ne, shi ya sa na neme shi." Manaja ta shafa labulen, a hankali. "Saƙar ta yi kyau, ƙanwata, ban taɓa riƙe irinta ba. Da layin ne kawai, da na rufe ido. Amma abu ɗaya na roƙe ki. Ni ma akwai wanda ke sama da ni, in ya shigo ƙasa zai fara duba."

"Ki ba mu lokaci mu sake."

"Jibi ake buɗewa."

Aka sauke labulen. 'Yar Boko ta ninke shi da kanta, ba ta bar ma'aikatan sun taɓa ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce zai ɗaukar mata kayan zuwa bakin titi, ta ce ta gode, ita ta kawo su. Ta ɗora a ka ta fita ta babbar ƙofa, ba ta bayan kicin da aka nuna mata ba.

Masaƙan na zaune a rumfa suna jiranta. Dogo har ya yi aski. Ta sauke kayan a tsakiyarsu, ta warware labule ɗaya ta shimfiɗa a ƙasa, ta juye buhun guntayen a kai.

"Na ce ku bi tef."

"Kin ce kamu shida," in ji Dogo.

"Na ce kamar! Ga shi can a leda, ko buɗe shi ba ku yi ba!"

"To 'yar nan, tef ɗin hannun wane ne? Ni ban san mai shi ba. Mutumin da ban taɓa gani ba zai auna mini zare? Ni kamu shida na yi cif, a tambayi kowa."

"Kamunka ai na mutum ɗaya da rabi ne," Bahago ya ce. "Hannu kamar sandar kaɗa mangwaro. Kai ka ɓata mana aiki."

"Ni? Kai da ko gaisawa ba ka iya yi da hannun kirki?"

"Shida!" Kurma ya yi ihu yana ɗaga yatsu, don ya ga ana nuna layi. "Shida na yi!"

Kowa ya durƙusa yana neman fallensa, yana ɗora gwiwar hannu a kan layi don ya wanke kansa. Kuma kowa ya wanku. Dogo ya aza hannu a kan nasa, yatsansa ya sauka a kan baƙin layi daidai. Bahago ma haka, Kurma ma haka. Babu wanda ya yi kuskure ko na zare ɗaya, hannuwan ne ba ɗaya ba.

"To mafi gajartar da tela ya bi ya yanke sauran," Dogo ya ce yana huci, "na wane ne? Ya fito mu gan shi."

Bahago ya riga ya gani, sai ya kau da kai yana sosa ƙeya. Fallayen da ba a yanke ba, waɗanda bakinsu ke nan da ƙullin da masaƙi ke rufewa da shi, ƙulli iri ɗaya ne a jikinsu. Kowa a rumfar ya san shi, don a wurin mai shi suka koya.

Baba ya miƙe. "Kamuna shi ne kamu," ya ce. "Da shi na auna wa kowannenku zaren farko. Ku jira ni."

Ya shiga gida ya dawo da wani tsohon bargon saƙa da Inna ke ɓoyewa a ƙasan akwati, wanda ya saƙa shekarar da aka haifi 'Yar Boko. Shi ma layi gare shi a kan kowane kamu. Ya shimfiɗa shi a gabansu, ya durƙusa da ƙyar, ya kafa gwiwar hannunsa a kan layi ɗaya, ya kwantar da hannun.

Yatsunsa ba su kai layi na gaba ba.

Ya ɗaga, ya gyara, ya sake kwantarwa. Ya sa ɗaya hannun yana danna yatsun don su miƙe. Ba su miƙe ba. Shekaru da sanyin ƙashi sun lanƙwashe su kamar na mai riƙe da abu, sun tanƙwara, a hankali a hankali, yadda shi da ke tare da su kullum bai lura ba. Ita ma sai a ranar ta lura, ita da ke zuba masa ruwan wanke hannu.

Ya daɗe a durƙushe yana kallon tazarar. Sannan ya ce, da wata ƙaramar murya, "Ashe na rage."

Baba ya ninke bargon, ya rungume shi ya koma gida.

Daga nan abubuwa suka warware da sauri. Dogo ya zo da safe ya tsaya a bakin rumfa yana murza hula. Yana da baki tara a gida, ya ce, kuma mai siminti ya aiko. Ba ta hana shi ba. Ɗan Kurma ya zo ya kwashi kayan ubansa yana magana ƙasa ƙasa a kan masu tayar da tsofaffi tsaye a banza, Kurma na bin sa a baya yana waiwaye. Bahago ya ɗauki kurarsa. A bakin famfo matan unguwa suka samu abin yi.

"'Yar Boko, an ce labulen ɗangale kika ƙirƙiro!"

"A makaranta ba a koya muku awo ba ne?"

"An koya mana," ta ce tana ɗora bokiti. "Har da na baki. Naku ya wuce kamu shida."

Suka yi shewa, ta wuce, ruwa bai zuba ko ɗigo ba. Sai da ta shiga gida sannan ta sauke.

Abin da ya fi maganarsu ciwo yana cikin gidan. Baba ya daina zuwa rumfa. Yana zama a inuwar ɗaki, hannuwansa a cikin riga, in an kawo abinci sai ya jira kowa ya tashi kafin ya fito da su. Inna ta ce mata, "Ki nemi aikin ofis ɗin nan, 'yar nan. Kin gwada, Allah ya gani."

"Ban gama ba, Inna."

Ta sayo reza. Kullum in ta gama aikin gida sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, gaban Baba, ta ɗauko labule ɗaya ta fara farke ɗinkin tela, zare bayan zare, don kada bakin saƙar ya ji rauni. Fallen da ya fita sai ta duba hannun mai shi ta ajiye a tarinsa. Na Dogo nan, na Bahago nan, na Kurma nan, na Baba nan. In aka jera na mutum ɗaya, layin sai ya miƙe sak. Ba za su ƙara zama labule ba, amma za su yi shimfiɗar tebur, su yi rigar matashi. Ko akwai mai saye, ba ta sani ba. Yatsunta suka yi kanta, reza ta yanke ta ba sau ɗaya ba. Baba yana gani.

Hadari ya fara haɗuwa da rana yana watsewa. Baffa ya zo, ya tsaya a ƙofa bai shigo ba.

"'Yata, kin dai ga sama."

"Na gani, Baffa."

"In kina so in ƙara miki ɗan lokaci, sai in yi wa mai injin magana. Ki dai ce."

So yake ta roƙa, ba don mugunta ba, don dai ya samu abin faɗa wa mai injin. Ta dubi tarin fallayen, ta dubi Baba. Ƙarin lokaci ba zai dawo da Dogo ba, ba zai sa rumfar ta ciyar da kowa kafin ruwa ba.

"Magana na yi, Baffa. A ara mini diga."

Da rana tsaka ta tuge dirkokin Baba. Sun daɗe a ƙasa har sun zama kamar saiwa, sai da ta haƙa kusan tsawon hannunta kafin ɗaya ta motsa. Mutane suka tsaya a lungu suna kallo. Wani ya ce a taimaka mata mana, ta ce kowa ya riƙe hannunsa. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa ta kai gida. Abu na ƙarshe da ta cire shi ne tef ɗinta, a cikin ledarsa, ko ƙura bai yi ba.

A tsakar gidansu wuri ɗaya ne zai ɗauki dogon zare, wani siririn lungu tsakanin ɗakin girki da katangar Baffa. Nan ta haƙa rami ta kafa dirkokin, ta yafa tsohon kwano a sama. Ba ta iya ɗaura kayan saƙar ba, ta ɗaura ta kwance, ta sake. Tana cikin haka ta ji ƙarar jarkoki a ƙofa. Bahago ne, jiƙe da gumi.

"Wucewa nake yi," ya ce. Ya dubi ɗaurin ya girgiza kai. "Wannan ko akuya ba zai riƙe ba. Matsa."

Ya gyara, ya ja igiyoyin ya gwada. Sannan ya ce in ya gama zagayen safe, yana da rana a hannu. Dogo ma, in ji shi, ya ce a gaishe ta, wai ranar da ba a sauke siminti ba ya kan rasa inda zai sa kansa.

"Amma kamun wa za a bi?" Bahago ya tambaya yana goge fuska. "Ni dai ba zan bi na Dogo ba ko za a yanka ni. Shi ma ba zai bi nawa ba. Abin ledar nan kuwa, kin dai gani."

Ta buɗe baki za ta yi musu a kan tef ɗin, sai ta ji motsi a bayanta. Baba ne ya taso. A hannunsa akwai sandar gora da wuƙar da yake yanke zare da ita. Hannuwan a waje suke.

"Uwata, kawo hannunki."

Ta miƙa. Ya kwantar da hannunta a kan gorar, gwiwa a bakin sandar, ya danna yatsunta suka miƙe. Ya sa wuƙa ya yi alama a ƙarshen na tsakiya. Yankan ya ba shi wahala, wuƙar na zamewa daga riƙonsa, Bahago ya yunƙura zai karɓa ta girgiza masa kai. Da gorar ta rabu, Baba ya kankare bakin ya miƙa wa Bahago.

"Ka san mai shi?"

Bahago ya juya sandar. "Na san ta tun tana rarrafe a cikin zarenmu."

"To ka gaya wa Dogo. Wannan zai daɗe kafin ya rage."

Baba ya ratsa su ya zauna a bakin ramin, ya zura ƙafafu, ya laluba igiyoyin da yatsun ƙafa. A daidai lokacin mai injin niƙa, wanda tuni ya tare a tsohuwar rumfar, ya tayar da injinsa a bayan katanga don gwaji. Ƙasa ta ɗauki rawa, baƙin hayaƙi ya tsallako, kajin da aka kora suka watse. Iska ta juya, ɗigon farko ya bugi kwanon, wani ya biyo ta hujin tsatsa ya sauka a kafaɗar Baba.

Ta ɗauko kwanon sha ta tsaya a kansa ta tare ɗigon. Ƙoshiya ta fita daga lanƙwasassun yatsun ta faɗa ɗaya hannun, ta dawo. Ba ta jin ƙararta ko kaɗan saboda injin. Sai ta zuba mata ido, ruwan na taruwa a kwanon, hannunta ya fara sagewa, ba ta sauke ba.